Imel ɗin makarantarmu yana fita da rubutun aljanu, wa zai taimaka?

Sadik Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar kwamfuta a cikinmu ku agaza min, kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Kun san shafin da na haɗa wa Islamiyyar unguwarmu wanda iyaye ke yin rajistar yara a kai, harshe huɗu ne a ciki, Hausa da Turanci da Tonanci (wato Twi) da Larabci. A kan shafin komai lafiya lau, ƙ tana nan ɗ tana nan, Larabcin ma tsaf. Amma imel ɗin da shafin ke tura wa iyaye bayan sun biya kuɗi, innalillahi. Inda na rubuta "Mun karɓi kuɗin ɗanku" abin da ke isa wajensu shi ne "Mun karÉ“i kuÉ—in É—anku". GH₵150 ya koma GHâ‚µ150. Na Tonanci "Yɛda mo ase" ya koma "YÉ›da mo ase". Larabcin kuwa ba a magana, السلام ya zama Ø§Ù„Ø³Ù„Ø§Ù… gaba ɗaya. Jiya wani Alhaji ya kira shugaban makaranta yana faɗa wai 'yan sakawa, masu damfarar intanet ɗin nan, sun shiga shafinmu suna so su cinye masa kuɗi, shugaba kuma ya kira ni da ƙarfe sha ɗayan dare

Awudu Alabar: hhhh chale wannan ba yan sakawa bane, aljanun Kejetia ne suka shiga kwamfutan ka. ka kai shi wurin malam ya tofa

Sadik Aboabo: Awudu dan Allah ba lokacin wasa ba ne

Awudu Alabar: to gaskiya ni shawara na mai sauki ne. ka cire duk wannan harufa masu kugiya, ka rubuta k da d da b kaman yadda kowa ke yi a waya, sidi kuma ka sa GHS, shikenan matsala ya kare. mu nan zango wa ke fadin wannan harufa da baki ma? kaka na shekara tamanin yana Hausa a Kumasi bai taba bambanta su ba kuma kowa na gane shi

Zuwera Nima: Wa'alaikumussalam. Sadik kwantar da hankalinka, babu wanda ya shiga shafinka, kuma rubutunka bai lalace ba, yana nan yadda ka tura shi. Wanda ya karɓa ne yake karanta shi da ma'aunin da ba nasa ba. Kafin in ce komai faɗa min abu biyu: da me kake tura imel ɗin, PHPMailer ne ko mail() ɗin PHP kai tsaye ko wani abu daban? Sannan ka buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin da suka lalace, ka nemi inda ake nuna asalin saƙon da duk bayanan da ke samansa, a Gmail yana cikin ɗigo ukun nan na gefe, ka kwafo min layin da ya fara da Content-Type

Sadik Aboabo: Yaya Zuwera rasit ɗin biyan kuɗi da PHPMailer yake fita. Ga layin: Content-Type: text/html; charset=iso-8859-1

Zuwera Nima: To ga ɓarawonka nan a fili. Shafinka yana rubutu da UTF-8 amma saƙon yana fita da tambarin iso-8859-1 a goshinsa. PHPMailer idan ba ka faɗa masa komai ba wannan tambarin yake sawa, haka yake tun asali. Ka je inda ka ƙirƙiri $mail ɗin ka ƙara wannan layin a ƙasansa:
$mail->CharSet = 'UTF-8';
ka lura C babba S babba, in ka rubuta charset da ƙananan baƙi ba zai yi aiki ba, na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan

Hajiya Mariya Kejetia: Ni fa 'ya'yana ban gane ko ɗaya ba, kuma ni ce sakatariyar iyaye ni ake tarewa a kasuwa ana tambaya. Wani ya yi min bayani da Hausa dan Allah, wane ne tambari wane ne goshi

Fusaini Tech: Hajiya bari in gwada. Kin tuna 2007 da aka canja kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya na yanzu? Har yau akwai iyayenmu a kasuwa da ke lissafi da tsohon kuɗi, ki ji an ce miki zane miliyan ɗaya alhali sidi ɗari ake nufi. To a ce na aiko miki da takarda na rubuta 10,000 kawai ban ce tsoho ko sabo ba, ko ma na yi kuskure na rubuta sabo alhali tsoho nake nufi. Lambar ba ta canja ba amma abin da za ki fahimta ya canja. Kwamfuta ba ta san harafi ba Hajiya, lamba kawai ta sani, kowane harafi akwai lambarsa, kuma akwai tsarin lissafi fiye da ɗaya. Sadik ya rubuta saƙonsa da sabon lissafi amma a saman takardar aka buga cewa tsohon lissafi ne, shi ya sa wayar Alhaji ta fassara shi a karkace

Hajiya Mariya Kejetia: Yawwa ɗana yanzu ka yi magana. Allah ya yi albarka

Fusaini Tech: Amin Hajiya. Ga sauran masu son cikakken bayani tunda an taɓo inda nake so. Tsarin farko da ya yaɗu sunansa ASCII, a Amurka aka yi shi a 1963, gurbi 128 ne kacal a ciki, haruffan Turanci manya da ƙanana da lambobi da su waƙafi da aya, shikenan. Ko é ta Faransanci ba ta samu wuri ba balle mu. Daga baya aka faɗaɗa zuwa gurbi 256, kowane yanki ya cika sauran guraben da nasa haruffan, Turawan yamma suka yi iso-8859-1 a 1987, Microsoft ta yi nata mai kama da shi wato Windows-1252, Larabawa na da Windows-1256, Rashawa na da nasu. A cikin na Turawan yamma babu ƙ babu ɗ babu ɛ babu ɔ. Sai 1991 Unicode ya fito da niyyar ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake bi a rubuta waɗannan lambobin. Dabararsa ita ce harafin Turanci bayit ɗaya, wato gurbin ajiya ɗaya a kwamfuta, yake ci kamar da, amma ƙ tamu bayit biyu take ci, C6 da 99. To idan manhajar imel ta ɗauka tsohon tsari ne sai ta karanta kowane bayit a matsayin harafi guda, C6 a Windows-1252 shi ne Æ, 99 kuma ™, shi ya sa ƙ ke komawa Æ™. ɗ ita ce C9 97 sai ta zama É—. Alamar sidi bayit uku ce, E2 82 B5, ku ƙirga â‚µ ɗin da Sadik ya turo za ku ga guda uku ne cif. Kuma shi ya sa saƙon Turanci zalla ba ya taɓa nuna matsalar, a waɗannan 128 na farko duk tsarukan sun yi daidai da juna. Japanawa sun sha wannan wahalar kafin mu har suna suka sa mata, mojibake

Awudu Alabar: ka gani, shi kansa ya fada. in ka tsaya a 128 na farko babu wahala. ni na ci gardama

Malam Bashir Asawase: Awudu ɗana, na karanta maganarka tun ɗazu na yi shiru ne ina jiran masu fasaha su gama. Gaskiya ne mu nan da yawanmu ba ma bambanta su a baki, ni ma a Asawase aka haife ni. Amma baki daban takarda daban. Mai magana yana gabanka, ga muryarsa ga fuskarsa, in ba ka gane ba ka tambaye shi. Takarda ba ta da wannan. Ranar walimar sauka a ce mun tura wa iyaye cewa za mu karɓi manyan baƙi, kai kuma ka cire ƙugiyar, me ka rubuta? Manyan baki. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne, ƙarya kuwa in ka cire mata ƙugiya ka kira mutum da ita sai an raba ku. Kuma makarantar nan akwai 'ya'yan mutanen Kano da Sakkwato da Maraɗi a ciki, sunan wani Ɗanlami ne sunan wata Ɗahara, haƙƙinsu ne a rubuta musu suna daidai. Waɗannan haruffan tun shekarun 1930 ake buga littattafan boko da su. Ni da na fara koyarwa tafireta muke amfani da ita, babu ƙugiya a kanta, sai mu buga k mu ɗauki biro mu lanƙwasa mata kai ɗaya bayan ɗaya, shafi guda sai ya ci maka rabin awa. Yanzu da na'ura ta iya da kanta shi ne za mu ce mun gaji?

Awudu Alabar: Malam ayi hakuri ban ce a bata sunan kowa ba. manyan baki kam ya bani dariya wlh

Sadik Aboabo: ALHAMDULILLAH rasit ya gyaru!! Na sa layin na tura wa kaina, ɗ ta fito, sidi ya fito, Larabci ya fito. Yaya Zuwera Allah ya biya ki. Amma akwai saura, saƙon sanarwa da muke tura wa duk iyaye lokaci guda, shi ba da PHPMailer yake fita ba, wani tsohon kod ne da na kwafo tun ina koyo, mail() ne kai tsaye. Shi ma ya lalace amma lalacewarsa ta fi muni, ƙ ɗaya tana komawa Ã†Â™ harafi huɗu

Zuwera Nima: Sadik faɗi gaskiya, ka sa utf8_encode a wani wuri ko?

Sadik Aboabo: 🙈 shekaranjiya da dare, na ga sunansa ya yi kama da maganin matsalar

Zuwera Nima: Kowa ya taɓa faɗawa wannan ramin. Aikin utf8_encode shi ne ya ɗauki rubutun iso-8859-1 ya mayar da shi UTF-8, kai kuma naka dama UTF-8 ne, sai ya ɗauki bayit biyun ƙ a matsayin haruffa biyu ya sake naɗe kowanne, ka yi wa mai riga riga kenan. Sunan ne ke yaudarar mutane, shi ya sa ma tun PHP 8.2 aka sa shi cikin abubuwan da za a daina amfani da su. Cire shi gaba ɗaya. Sannan mail() ba ya sa maka tambarin komai, kai za ka rubuta da hannunka a cikin bayanan saman saƙo:
MIME-Version: 1.0
Content-Type: text/plain; charset=UTF-8
Content-Transfer-Encoding: quoted-printable
in ka sa na ukun to dole ka bi da rubutun ta quoted_printable_encode kafin ka tura, kar ka buga tambarin abin da ba ka yi ba, nan ma wata sabuwar rigima ce. Ni dai da za ka ji tawa ka mayar da wannan ɗin ma kan PHPMailer ka huta

Isufu ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina bin zancen daga shago a Adum. Mu a Nijar wahalarmu biyu ce, ga Faransanci ga Hausa, tun ina yaro nake ganin é ta koma Ã© a saƙonni har na ɗauka haka ake rubuta ta a kwamfuta. Kuma mu muna rubuta ƴ mai ƙugiya inda mutanen Najeriya ke sa 'y, ƴaƴa da 'ya'ya. Tambayata, su da ke amfani da 'y sun tsira kenan tunda babu ƙugiya?

Fusaini Tech: Ba su tsira ba Malam Isufu, wannan ma tarko ne mai kyau. Waƙafin sama iri biyu ne, akwai miƙaƙƙe ' wanda ke cikin ASCII, akwai lanƙwasasshe ’ wanda Word da wasu wayoyi ke sauya maka da kansu ba tare da ka sani ba. Na biyun bayit uku ne, in ya lalace sai ka ga â€™yan uwa maimakon 'yan uwa. Kai Awudu wannan ya shafe ka, ko ka cire ƙugiya duka ranar da sakatare ya rubuta sanarwa a Word ya kwafo ya liƙa sai â€™ ta fito maka, ko da Turanci zalla ne

Awudu Alabar: ni bana sa wannan alama ma sam, yan uwa nake rubutawa

Fusaini Tech: Kai dai ba ka da magani

Sadik Aboabo: Na cire utf8_encode na sa layukan nan uku, cikin saƙon ya gyaru tas. Amma taken saƙon har yanzu a wayata daidai yake fitowa, a tsohuwar kwamfutar ofishin makaranta kuma "Æ˜ungiyar Iyaye" yake nunawa. Saƙo ɗaya fa, wuri biyu, kala biyu. Kaina ya fara zafi ga wuta sun ɗauke tun azahar ina kan batir kashi 20

Zuwera Nima: Dumsor bai bar kowa ba, mu ma nan Nima jiya haka muka kwana. Yi sauri to. Wannan shi ne wurin da ya fi rikita mutane. Content-Type ɗin da ka sa cikin saƙo kawai yake rufewa, bai shafi take ba, bai shafi sunan mai aikawa ba. Dokar imel ta asali, RFC 822 ta 1982, ASCII kawai ta yarda da shi a saman saƙo, sai daga baya aka fito da dabarar naɗe haruffan waje a cikin ASCII ɗin, tana cikin RFC 2047 ta 1996. Take kamar naka in an naɗe shi daidai haka zai kasance a asalin saƙon:
=?UTF-8?Q?=C6=98ungiyar_Iyaye?=
ka ga tambarin yana cikin taken kansa, ga sunan tsarin, ga Q ko B mai nuna irin naɗin, ga rubutun. A PHP mb_encode_mimeheader zai yi maka, ka ba shi 'UTF-8'. Sunan makarantar da ke fitowa a wurin mai aikawa shi ma haka za ka yi masa amma sunan kawai, kar ka haɗa da adireshin. Dalilin da ya sa wayarka ta nuna daidai kuwa, wasu manhajojin in suka ga saƙo babu tambari sai su yi hasashe kuma galibi su dace, wasu kuma ba sa yi ko su yi su kuskure. Shi ya sa gwaji a wayarka kaɗai ba gwaji ba ne, kai kana ganin lafiya iyaye na ganin aljanu

Zuwera Nima: Wani abu kuma tun kafin ya cije ka, in kana yanke dogon take da substr ka daina, bayit yake ƙirgawa ba harafi ba, wata rana zai raba ƙ biyu ya bar rabi sai ka ga baƙar alamar nan � a ƙarshe. mb_substr za ka yi amfani da shi

Hajiya Mariya Kejetia: To ni Sadik ya turo min na gwaji yanzu. Ba irin na da ba ne amma wajen kuɗi akwai wani ɗan akwati fari, kuma wajen sunan jikata Ɗahara akwatin ne a farko sai ahara

Sadik Aboabo: Innalillahi wani sabo kuma

Fusaini Tech: A'a wannan ba laifinka ba ne Sadik, ka bar kod ɗinka yadda yake. Akwati daban Æ™ daban. Akwati na nufin wayar Hajiya ta gane harafin sarai, ta san lambarsa, hoton da za ta zana shi da shi ne ba ta da shi a cikin font ɗinta. Alamar sidi ma sai 2005 ta shiga Unicode, tsofaffin font da yawa ba su da ita, shi ya sa za ka ga mutane na aron ¢ ta santin Amurka suna rubuta GH¢. Turawa na kiran akwatin nan tofu saboda kamarsa da yankan awara, Google ma font ɗinsu Noto daga nan ya samo suna, wai babu tofu. Hajiya wayar ta kai shekara nawa?

Hajiya Mariya Kejetia: Tun aikin hajjina ne, ba zan faɗi shekara ba kar Awudu ya yi min dariya

Awudu Alabar: Hajiya ni ban ce komai ba 😂 amma kun ga magana na ya dawo, ga waya nan bai iya nuna shi ba. kuma bari in kara muku daya da ku masu boko baku fada ba. ni ina tura sakon tes na talla wa masu saya a shago na, sako daya harafi 160 ne, ranan da yaro na ya sa wannan d mai kugiya guda daya tak sakon ya rabu uku aka caje ni kudi uku. wannan ma karya ne?

Zuwera Nima: Wannan kam gaskiyarka ce Awudu, ba zan yi maka gardama ba. Saƙon tes tsarinsa daban, GSM-7 ake ce masa, harafi 160 yake ɗauka amma babu haruffanmu a ciki, da ka sa ko guda ɗaya sai duk saƙon ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, in ya rabu ma kowane yanki 67 ne. To a tes na talla da kake biya da kuɗinka ni ma zan iya cire ƙugiya in kauce wa kalmomin da za su rikice. Amma imel ba a cajin ka da harafi, babu abin da ka rage in ka cire sai mutuncin rubutun. Alamar sidi kuwa Sadik, tunda akwai irin wayar Hajiya da yawa a cikin iyaye, sa GHS a rasit ba laifi ba ne, shi ne ma lambar kuɗin a hukumance, bankuna shi suke sawa. Kuɗi ba wurin da ake son shakka ba ne

Awudu Alabar: a rubuta a ajiye, yau Zuwera ya ce ina da gaskiya

Malam Bashir Asawase: Rabin gaskiya dai. Ɗahara tana nan da ƙugiyarta

Sadik Aboabo: Wuta ta dawo. Take ya gyaru, sunan makaranta ya gyaru, na gwada a kwamfutar ofis ma daidai. Na sa GHS. Larabcin ya fito amma aya tana zuwa a farkon layi maimakon ƙarshe, wannan na gano da kaina, dir="rtl" na sa a sakin layin ya daidaita. Amma jama'a akwai abin da na gani yanzu da ya tsinka min zuciya. Na tura sanarwar gwaji ga mutum biyar, wajen gaisuwa inda shafin ke ɗauko sunan uba daga rumbun bayanai, na wani ya fito "Malam ?anjuma", na wani kuma da ya rubuta sunansa da Larabci "???? ?????" kawai. Wannan kuma wane layi zan ƙara?

Zuwera Nima: Hmm. Buɗe phpMyAdmin ka duba teburin kai tsaye, a can ma alamar tambaya ce ko a imel ne kawai? Kuma ka duba abin da aka rubuta a gaban teburin wajen collation

Sadik Aboabo: A can ma alamar tambaya ce. Teburin iyaye latin1_swedish_ci, sauran teburan utf8mb4. Swidin kuma?? me ya haɗa Aboabo da Swidin

Fusaini Tech: hhh MySQL asalinsa kamfanin ƙasar Swidin ne, shekara da shekaru wannan ne tsarin da yake zaɓa maka in ba ka zaɓa ba, sai a MySQL 8.0 aka mayar da shi utf8mb4. Wataƙila teburin iyayen shi ka fara yi kafin ka san ana zaɓa

Sadik Aboabo: Haka ne wlh shi ne na farko da na yi

Zuwera Nima: To Sadik a nan ba ni da labari mai daɗi. Æ™ ana iya dawo da ita ƙ domin bayit ɗin suna nan karatunsu ne ya karkace. Alamar tambaya kuwa ba a dawo da ita. Lokacin da uban ya rubuta Ɗanjuma, rumbun ya nemi gurbin Ɗ a latin1 bai samu ba sai ya jefar da ita ya ajiye ? ta gaske a wurin, harafin ya tafi tun ranar. Abin da za ka yi yanzu, da farko ka sauke kwafin rumbun gaba ɗaya ka ajiye a wuri biyu, kar ka taɓa komai kafin wannan, ina nufin kar ka taɓa. Sannan
ALTER TABLE sunan_tebur CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4;
kuma ka tabbatar haɗin PHP da rumbun shi ma utf8mb4 ne, set_charset in mysqli kake amfani da shi. Ka kula utf8mb4 na ce ba utf8 ba, wanda MySQL ke kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka, haruffanmu da Larabci za su shiga amma ranar da wata uwa ta sa emoji a wajen saƙo sai ya ƙi ko ya yanke rubutun daga nan. Wannan zai hana sababbi lalacewa. Tsofaffin sai da hannu

Fusaini Tech: Kuma in ka gama ka yi rajistar ƙarya guda ɗaya da wannan a matsayin suna: ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ ɛ ɔ é ₵ سلام 😀 ka bi shi tun daga fom har rumbu har imel har take. Ni duk shafin da na yi da shi nake gwadawa. In kana fitar da sunaye zuwa Excel ma ka gwada can, fayil ɗin CSV in babu alamar BOM a farkonsa sau da yawa Æ™ ɗin za ta sake yi maka sallama

Sadik Aboabo: Na yi kwafi, na juya teburin, gwajin Fusaini ya wuce har emoji. Na ƙirga sunayen da ke da alamar tambaya, 43 ne. Na Hausa da Tonanci zan iya cikewa da ka, ?anjuma ai ba ya buƙatar bincike, guda 26 kenan. Sauran 17 na Larabci ne zalla babu ko harafi ɗaya da ya rage, sai dai lambar waya

Malam Bashir Asawase: Kar ka cike ko ɗaya da ka. ?ahiru zai iya zama Ɗahiru, amma akwai wanda shi Tahiru yake rubutawa a takardun makarantar boko na yaransa kuma zai so su zo ɗaya. Babban rajistan makaranta na takarda yana ofis, duk wanda ya kawo yaro na rubuta sunansa da hannuna, boko da ajami. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar mu zauna mu bi su

Hajiya Mariya Kejetia: Waɗanda ba a samu a littafin ba ku turo min lambobinsu ni zan kira, rabinsu ma a layinmu suke a kasuwa. Shi kuma Alhajin da ya ce 'yan sakawa ne ku bar ni da shi, makwabcin yayata ne

Isufu ɗan Maraɗi: Sadik in ka gama dan Allah ka duba min nawa, ina jin ina cikin 43 ɗin nan, Maraɗi na rubuta a wajen garin asali

Sadik Aboabo: Kana ciki Malam Isufu, Mara?i 😅 na gyara. Malam in sha Allah Asabar ina nan tafe da kwamfutar

Awudu Alabar: to wai a ina ake samun wannan kibod mai kugiya din ne, ba don komai ba tambaya kawai nake

Fusaini Tech: Gboard, shiga saiti ka ƙara harshen Hausa. In ba ka ga harafin a fili ba danna k ka riƙe

Awudu Alabar: ƙƙƙƙ ɗɗɗ ya fito. amma na tes dina ba zan sa ba